Mai radar ko mai kyamara? Amsa ga Alhaji mai son buga St Andrews a garejinsa

Alhaji, ka tambaye ni wace na'ura za ka saya don wasan golf a garejinka, kana buga ƙwallo a labule, allo yana nuna maka filin St Andrews na Sikotland. Na'urorin auna bugun nan biyu da ka rasa ta zaɓa, mai radar da mai kyamara, duk sun ci kuɗina. Mai kyamara za ka saya.

Mai radar na fara kwasowa saboda araha, kuma ba ta shekara a hannuna ba. Ba zan ɗora mata laifi ba, ni ne ban auna ɗaki ba. Bayan ƙwallo ake ajiye ta da kusan mita 2, sannan tana so ta ga ƙwallon ya yi tafiyar mita 2 da rabi ko fiye kafin ya daki labule. Garejina bai kai mita 5 ba, ga ƙofar ƙarfe, ga fanka na kaɗawa, duk abubuwan da ke rikita radar. Sai ta koma kintacen juyin ƙwallo. Ƙanena ya karɓe ta, yana kai ta filin atisaye. A sarari tana aiki, iyakar yabon da zan yi mata ke nan.

Ita mai kyamara, irin su SkyTrak ta farko ko GC3 mai ido uku, a gefen ƙwallo take zama. Tana ɗaukar hotonsa daidai lokacin da sanda ta tashe shi, daga nan ta lissafa gudunsa, da yadda ya ɗaga, da yadda yake juyawa. Ba ruwanta da tsawon ɗaki, muddin kana iya wurga sanda ba ka fasa komai ba. Kuma a St Andrews juyin nan shi ne magana, domin filin bakin teku ne, ƙasa mai tauri, ƙwallo yana sauka ya yi ta gangara. In na'ura ta yi maka ƙarya a juyi, manhaja za ta tsayar da ƙwallonka inda ba zai taɓa tsayawa ba.

Wani dare da damina, ruwa ya hana mu fita, ni da surukina muka kunna St Andrews a allo, muka ce sai mun kai rami na 18. Filin nan tun 1764 aka mayar da ramukansa 18 daga 22, daga baya duniya ta bi sahu, amma mu abin da ya dame mu rami na 17 ne, wanda hanya ta bi ta bayansa. Bugun farko sai ka ɗaga ƙwallo ta saman kusurwar otal ba tare da ka ga inda zai sauka ba. Tsoro ya sa na karkata hagu, bugu na biyu kuwa ya zarce cikin ramin yashin nan mai zurfi da ke gaban girin, wato lafiyayyar ciyawar da ke kewaye da ramin ƙwallo. Surukina ya yi dariya har da riƙe ciki, yana kirana Nakajima, ɗan Japan ɗin nan da sai a bugu na huɗu ya fita daga wannan rami a gasar 1978. Na ce masa ai ramukan yashi 112 ne a filin, Tiger Woods kaɗai na san ya yi kwana huɗu a 2000 bai faɗa ko ɗaya ba. Da muka iso ƙaramar gadar dutsen Swilcan a na 18, sai ga uwargida da shayi, ta tsaya tana kallon dattawa biyu suna ɗaukar hoto da bango. Daren nan kaɗai ya fanshe mini rabin kuɗina.

Kada ka ce ban gaya maka ba: yashin na allo ne, a kan shimfiɗa kake bugawa, manhaja ce kawai ke rage maka nisa. Iskar Sikotland ma lamba ce a kusurwar allo, ba ta taɓa hularka. Gangara ƙwallo zuwa rami kuwa shi ne mafi rauni a duka na'urorin, mu mun saita cewa in ya rage mita 2 an yafe. Matsalar mai kyamara guda biyu ce a wurina. In akwai bahago a cikin abokan wasanka, sai an riƙa ɗauke ta daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ƙurar hunturu na kwanciya a idonta, sai ka ajiye ƙyalle mai laushi kusa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da dillalai. Wani zai turo maka bidiyon TrackMan, na'urar manyan kulob, ya ce haka taka za ta nuna. Abin da ba ya faɗa shi ne filin ba a cikin na'ura yake ba, a manhaja yake, kuma yawanci da kuɗin shekara a dala. Manhajar GSPro, alal misali, sai da kwamfuta mai Windows da katin hoto mai ƙarfi, kuma filayenta masu sha'awa ne ke zana su, wani lokaci ma da sauya suna. Wanda ya ce zai loda maka filaye ɗari kyauta, manhajar sata ce, rana ɗaya za ta rufe ya daina ɗaga wayarka. In na'urar ta hannu ce, a cire ta daga asusun mai ita na farko a gabanka, ka buɗe St Andrews ɗin da idonka, ka buga ƙwallo goma da sandar da ka san nisanta. Bayan nan sai a yi maganar kuɗi.

Kafin ka tura ko sisi, ɗauki sandarka mafi tsawo ka shiga garejin ka wurga ta a hankali. Silin ya kai mita 3 ake so. In akwai fanka a sama a kira mai wuta ya sauke ta, tawa reshe biyu suka rage mata.