Wane littafi za ka saya wa yaro don ya san tsofaffin sojojinmu?

Duk shekara in watan Nuwamba ya kama, za ka ga jan furen nan a ƙirjin masu karanta labarai a talabijin, ranar 11 ga wata kuma a taru a maƙabartar sojoji da ke Osu a Accra. Bara 'yata mai shekara tara ta ce, "Baba, furen nan na mene ne?" Na ce na tunawa da sojojin da suka rasu a yaƙi ne. Sai ta ce, "Turawa ko?" Maganar ta tsaya mini a rai, domin kakana ya je yaƙin Bama (Burma) ya dawo, kuma a nan Nima aka binne shi. Tun daga nan na shiga neman abin da zan karanta da yara, ga kuma abin da na gani.

Abin da zai fara ɗaukar hankalinka shi ne littattafan hotuna na ƙasashen waje, irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin titi wajen Tudu da Makola. Takarda mai sheƙi, ga tankoki, ga jiragen yaƙi, kuma ana ciniki. Yaro ɗan shekara shida zai rungume su ya ƙi saki. Sai dai yawancinsu labarin Ingila da Amurka ne, za ka buɗe shafi hamsin ba ka ga baƙar fuska ko ɗaya ba. Kafin ka ciro kuɗi, juya can ƙarshen littafin inda aka jera sunaye, ka nemi Burma, ko Gold Coast, ko West African. In babu ko ɗaya, to ka san hotuna kawai ka saya. Ka kuma sansana shi ka ƙirga shafukan tsakiya, don wanda damina ta taɓa ba ya daɗewa a hannun yara.

Littafin tarihi na makaranta ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Tun 2019 aka mayar da tarihin Ghana darasi mai zaman kansa a firamare, saboda haka kusan kowane kantin littattafai na da shi, kuma ba shi da tsada. Ka duba ko NaCCA, hukumar da ke tsara manhajar karatu, ta amince da shi. A ciki yaro zai gamu da ranar 28 ga Fabrairu, 1948, da tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar kokensu, wani jami'in 'yan sanda Bature mai suna Imray ya buɗe wuta, ya kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Aibin littafin ɗaya ne, don jarrabawa aka rubuta shi. Sunaye uku, kwanan wata, an wuce. Kai za ka cika giɓin: mutanen nan sun dawo daga yaƙi an yi musu alkawarin aiki da haƙƙoƙinsu, ba su gani a ƙasa ba, ga kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo. Jininsu ne ya tayar da garin, aka kama manyan 'yan siyasa shida har da Nkrumah, abin da ya hanzarta samun 'yanci a 1957. Bayan mun karanta shafin, na sa yara a trotro muka je mararrabar da abin ya faru, kusa da Dandalin 'Yanci. 'Yata ta karanta sunayen da bakinta, wannan karon ba hadda take yi ba.

Akwai abin da ban samu a littafin yara ko ɗaya ba, kuma shi ya fi shafar mu 'yan zango. Rundunar da Turawa suka kafa a 1879, wadda ta zama tushen sojan ƙasar nan, da sunan Hausawa aka san ta. Ba duka ne Hausawa ba, akwai Gurunshi da Dagomba da Mosi da sauransu, amma Hausa ce harshen bariki, har taken rundunar ma "Kullum Shiri" ne. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ya fara harbi a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, ɗan wannan runduna ne. Barikin Burma Camp kuwa, daga yaƙin Bama ya samo suna, inda sojojinmu suka fafata da Japanawa a cikin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Yaron da ya ji wannan da harshensa, kallon da zai yi wa barikin ma daban ne.

Ga matasa 'yan sakandare, a nemi abin da sojojin suka rubuta da kansu. Manjo Janar Henry Anyidoho ya rubuta abin da ya gani a Ruwanda a 1994, lokacin da sojojin Ghana suka tsaya bayan wasu ƙasashe sun janye nasu. Irin waɗannan sun fi tsada, sai an leƙa kantin littattafai na jami'a a Legon, ko a je ɗakin karatu na George Padmore a bincika. Ka riga yaron karantawa. Akwai shafukan da ban yarda ɗan ƙasa da shekara goma sha biyar ya karanta shi kaɗai ba.

Waya kuwa, ta yi kyau wajen nuna tsofaffin hotuna, amma gaskiya da ƙarya a kwano ɗaya suke, kada ka sakar wa yaro ita.

Abin da ya fi komai araha shi ne littafin rubutu da biro. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma waɗanda suka je Labanan da Laberiya suna nan cikin unguwa, muna sahu ɗaya da su a masallaci. Na kai ɗana mai shekara goma sha huɗu wurin wani maƙwabcinmu da ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan. Muka riƙe goro, na kuma gargaɗe shi tun a hanya kada ya kuskura ya tambayi ko dattijon ya taɓa kashe wani. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, me kuka fi kewa a can?" Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, ya tashi ya ɗauko wani tsohon gwangwani, ya ciro shuɗiyar hula da lambobin yabo biyu a naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Koko da ƙosai, ɗana. Sai kuma muryar uwata." Yaron ya cika shafi bakwai ranar, da dare kuma ya karanta wa ƙannensa. Asabar mai zuwa za su koma, don dattijon ya ce bai ba su labarin sanyin can ba tukuna.