Babbar riga ko kaftani ranar ɗaurin aure?

Babbar riga akwai kwarjini, balle ta shadda gezna mai aikin hannu irin na Zariya, aska takwas a ƙirji. Sai dai tana cin yadi, ga nauyi. In ɗaurin auren ya faɗo watan Afrilu a Kano, kafin a shafa fatiha ka jiƙe sharkaf, kana ta faman naɗe hannunta a kafaɗa. Kuma ni ba na son ɗan gayya ya fi ango ado.

Kaftani kuwa ba ruwansa: ɗan aiki a wuya, hula zanna bukar, ka hau babur ba fargaba.

Waliyyi da iyayen ango su suka dace da babbar riga. Aboki ko maƙwabci, kaftani mai guga ya ishe shi.