Wayar sifika mai bakin zinare: na saya, na gwada

Amfilifaya Yamaha 'yar gwanjo nake da ita a falo, da sifika biyu masu ohm 8 (ohm shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu yake tare wa wutar lantarki hanya). Shekara uku ina jin su da 'yar siririyar wayar nan ja da baƙi da mai shago ya haɗo min kyauta. Sai wani abokina ya leƙa bayan kabad ya ce, "Haba Malam, ka sayi ingarma ka sa masa linzamin kaba!"

Maganar ta tsaya min a rai. Na shiga kasuwar Sabon Gari na ɗauko waya mai kaurin ɗan yatsa, da rigar saƙa, bakinta an shafe da ruwan zinare. Kuɗinta ya kusa sulusin kuɗin amfilifayar. Da na jona na sa kiɗa, har rantsuwa na yi cewa kalangu ya fi fitowa tar. Uwargida tana tsince shinkafa ta ce, "Maigida, ni dai abin da na ji jiya shi nake ji yau."

Ƙanina mai wayarin gidaje ne ya raba gardamar. Ya kawo ragowar wayar jan ƙarfe ta 2.5 (lambar kaurinta ke nan) da ya yi wa wani aiki da ita, ya sa na juya baya, yana sauyawa tsakanin tasa da mai tsadar ina canka. Sau goma, huɗu na dace. Ko makaho ya yi wannan cankar. Amma da ya maido da tsohuwar siririyar, nan kam na riƙa kama shi, domin sifikar da ke can ƙuryar falo, wadda wayarta ta kai mita 10, sautinta ya yi laushi, ganga ta rasa nauyi.

Sai ya kankare tsohuwar da wuƙa. Ashe ciki fari ne fat: alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Alminiyam kuwa kusan kashi 61 cikin ɗari yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka. Ya buga min lissafi a bayan kwalin ashana. Mita 10, zuwa da dawowa mita 20 ke nan. Wayar 2.5 turjiyarta wajen ohm 0.14, siririyar ta haura ohm 1. Masu harkar suna so kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ta sifika, wato ohm 0.4 a tawa. Mai tsadar da ta ƙanina duk suna ƙasa da haka, shi ya sa kunne ya kasa raba su.

Ba ni kaɗai aka taɓa yi wa wannan ba. A 2007 a Amurka, James Randi, wani mai dabo da ya yi suna wajen tona asirin 'yan damfara, ya sa dala miliyan ɗaya ga wanda zai bambance wata waya ta dala 7,250 da kunne, kuma ba wanda ya ci kuɗin.

Ba zan ci haƙƙinta ba dai. Tana lanƙwasuwa ba gardama, bakinta yana kama amfilifaya gam, kuma damina guda ta wuce bai yi tsatsa ba. Tana nan a jone tunda an riga an biya. Ranar da muka janye sifikun daga jikin bango kamar taku biyu ne uwargida ta ɗago kai ta ce, "Yau kuma me ka saya?"