Sharhina kan kwas ɗin bidiyo na lif tiril da shek a tirampet

Jama'a masu busa tirampet, ga abin da na gani a wani kwas na bidiyo da na yi rajista a intanet don koyon lif tiril (wato saurin kai-komo tsakanin sautuka biyu na kusa da juna ba tare da sauya yatsu ba) da shek (wato girgiza sautin da aka riƙe). A taƙaice dai ɓangaren tiril ɗin ya biya kuɗinsa har da riba, ɓangaren shek kuwa an yi masa gaggawa, kuma wallahi abin ya dame ni don nan ne mutum ya fi saurin ji wa leɓensa ciwo.

Abin da ya fara burge ni shi ne malamin bai fara da cewa ka busa ba. Ajiye ƙahon ya ce a yi, a yi fito da baki, daga ƙaramin sauti zuwa babba a dawo, sannan ka lura da abin da harshenka ke yi. Za ka ji bayan harshen yana ɗagawa sama idan sautin ya hau, yana sauka idan ya dawo, kamar kana cewa "aa-ii-aa-ii". To wannan motsin shi ne gaba ɗaya sirrin, leɓe yana nan a riƙe a gefe biyu baya rawa, iska tana tafiya ba yankewa, harshe ne ke aikin. Ya kuma sa a tsaya gaban madubi, idan ka ga haɓarka tana sama da ƙasa sosai kamar mai tauna to ka rage, motsin ya kamata ya zama ɗan ƙanƙani wanda da ƙyar mai kallo zai gani.

Sai bayanin da na fi jin daɗi, dalilin da ya sa tiril ɗin ke yiwuwa a sama amma a ƙasa sai a hankali. Idan baka danna bawul (maɓallan nan uku da ake dannawa da yatsu) ko ɗaya ba, tirampet na ba ka waɗannan sautuka daga ƙasa zuwa sama: C na ƙasa, G, C, E, G, sai wani B-flat da baya zama daidai, sannan C na sama, D, E. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa ne yayin da kake hawa, a ƙasa rata ce mai faɗi sosai, a can sama kuma sun matso kusa da juna har taki ɗaya ne tsakaninsu. Shi ya sa masu busa na zamanin Bach da Handel, da ƙahonsu babu bawul ko ɗaya tunda sai wajen 1810 zuwa 1820 aka ƙirƙiro bawul a Jamus, suke yin tiril ɗinsu a can sama da harshe da iska kawai. Matsalar ita ce wanda bai ƙware ba idan ya je C na sama leɓensa ya riga ya gaji, ina zancen tiril. Dabarar da kwas ɗin ya bayar ita ce ka danna bawul na 1 da na 3 tare, sai duk jerin sautukan nan su sauko ƙasa, ka samu G ɗin da ke zaune a saman layuka biyar na rubutun kiɗa da A na kusa da shi da yatsu iri ɗaya, ko ka danna duka ukun ka samu F-shaf da G-shaf. Ranar da na ji sautin ya fara tsallakawa da kansa tsakanin G da A ɗin nan ba tare da na matse komai ba, gaskiya sai da na tsaya na sake yi don in tabbatar, daɗin da na ji ba kaɗan ba ne.

Tsarin atisayen ma yayi, metronom (na'urar da ke ba da bugun lokaci) a bugu 60 a minti, ka fara da sauti ɗaya a kowane bugu, sai biyu, sai uku, sai huɗu, kada ka ƙara gudu sai wanda kake kai ya fita tas babu ƙazamin sauti a tsakani. Ba sabon abu ba ne, irin wannan hawa-hawa yana cikin littafin koyon busa na Arban tun 1864, amma ganin mutum yana yi a gabanka da jin yadda ya kamata ya fito daban ne da kallon takarda. Kuma yana ta nanata a busa a hankali ba da ƙarfi ba, a huta daidai tsawon lokacin da aka yi ana busa.

Yanzu shek. Shi wannan na 'yan jaz ne, irin wanda ake ji wajen Louis Armstrong a ƙarshen dogon sauti, ko Cat Anderson na ƙungiyar Duke Ellington da kuma Maynard Ferguson a can ƙololuwa, ya fi tiril faɗi kuma ya fi shi kaushi, ba a son ya fito a tsare tsaf. Da yawa da hannun dama ake taimaka masa, babban yatsa yana tsakanin bawul na 1 da na 2, ka riƙa kai ƙahon gaba da baya kaɗan kaɗan yadda nauyin bakin ƙarfen a kan leɓe zai riƙa raguwa yana dawowa. To a nan kwas ɗin ya gaza. Bidiyo gajere, kyamara a kan fuskar malamin maimakon hannunsa, ga shi bai ja kunne ba ko sau ɗaya cewa motsin na sassauta ƙahon ne daga leɓe, ba na danno shi ciki ba. Wanda ya saka ƙaramin yatsansa a ƙugiyar nan da ke saman ƙahon yana ja da ƙarfi zai tashi da zobe ja a leɓen sama, gobe ya kasa fitar da sauti mai kyau, kuma yaro mai ɗoki haka zai yi tunda ba wanda ya hana shi. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a darasin da ake sayar wa masu koyo. Na rubuta wa masu kwas ɗin a kan haka, ina fata su sake ɗaukar wannan ɓangaren.

Wani abu kuma, babu waƙar da aka saka don ka gwada shek ɗin a cikin kiɗa na gaske, sai atisaye zalla, alhali sanin inda za ka fara girgiza sautin, bayan ka riƙe shi ya zauna tukuna, shi ne rabin aikin.

Wa zan ce ya saya? Wanda G na saman layi ke fito masa cikin sauƙi kuma ya saba zamewa tsakanin sautuka ba tare da bugun harshe ba, wannan zai amfana sosai. Wanda bai kai nan ba dan Allah ya dakata ya gina leɓensa da dogayen sautuka tukuna. Shek ɗin kuma ku nemi malami ya kalli hannunku ido da ido ko ta kiran bidiyo, kada ku dogara da wannan kwas ɗin shi kaɗai.