Ɗan mitan soket da na saya ya tona asirin AC ɗina

Tun da aka maida layinmu Band A, wato rukunin da wutarsa ta fi tsada, katin wuta ya daina albarka a gidana. A lokacin yunit ɗaya naira 209.5 ne, in ka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 ya kai kusan 225, wato katin dubu goma yunit 44 zai ba ka da 'yan kai. Ni kuma kwana huɗu ba ya kaiwa mita ta fara kuka. Uwargida ta ce firiza ce, ni na ce dutsen guga ne, har maƙwabci na fara zargi Allah ya yafe min.

Shine wani abokina mai haɗa sola ya ce in daina canki-canka, in nemi ɗan mitan nan da ake sokawa a soket sannan a soka kayan wuta a jikinsa. Na same shi a Sabon Gari wajen masu kayan wuta, kuɗinsa bai kai katin sati ɗaya ba. Yana nuna wat nawa abu ke ja a lokacin, da ƙarfin wutar da NEPA ta kawo, da jimillar yunit ɗin da aka sha.

Firiza dai an wanke ta, yunit ɗaya da rabi take sha kwana da yini. Da na zo kan AC ɗin ɗakina, 1.5HP ce tsohuwar yayi ba inbata ba (wato irin mai rage gudun injinta da kanta don ta rage shan wuta), kwamfireso, injin da ke sanyaya iskar, na tashi na ga lamba ta haura wat 1,200. Lissafin ba wuya, wat 1,000 na awa ɗaya shine yunit ɗaya, to mu da muke kunna ta ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe awa 8 kenan, kuma rimot kullum a kan digiri 16 yake saboda a tunanina hakan ya fi saurin sanyi, ashe a zafin Afrilu na Kano ɗaki mai rufin kwano ba zai taɓa kaiwa 16 ba balle kwamfireson ya huta, haka yake kwana yana gurnani. Da safe na duba, yunit 9 da wani abu. Sama da dubu biyu a dare ɗaya, a wata dubu sittin da ɗoriya, AC kaɗai fa.

Washegari na maida ta 25, na kunna fankar sama a lamba biyu, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon zani, na kuma ciro ragar gabanta na wanke, wallahi ƙurar hunturu ce dam a ciki kamar bargo. Sai ga kwamfireso yana tashi yana hutawa, in ya huta mitan bai fi wat 50 yake nunawa ba. Dare ya tashi a yunit 6. Kuma barci muka yi lafiya lau, yara ma sun daina tashi da mura.

Inda abun ya ban haushi, allon ɗan mitan ba fitila, da daddare sai ka haska tocilan kana durƙushe a bayan gado. Sannan in an ɗauke wuta aka daɗe wani lokacin lissafin gogewa yake ya koma sifiri, dare biyu na yi asara haka. Bakinsa kuma irin na 13 amp ne mai faɗi, soket ɗin AC ɗina mai zagayen baki ne na 15, sai da mai gyaran wuta ya zo ya haɗa min. Kar ka yi wannan haɗin da kanka, kuma in AC ɗinka 2HP ce ko an ja mata waya kai tsaye daga bango to ba naka bane wannan.

Yanzu ɗan mitan yana wajen ƙanina, zai gwada AC ɗinsa mai inbata sati guda, in bambancin ya kai yadda masu shago ke zuzutawa sai in fara tari kafin bazara mai zuwa.