Kwaɓin cike haƙori na wucin gadi: yana rufe rami, ba ya ɗinke tsagewa

Wannan kwaɓin da ake sayarwa a kantin magani, irin Dentemp da Temparin, galibi sinadarin zinc oxide ne, wasu da ɗan man kanumfari mai lafar da zogi. Yana da amfani sosai idan tsohon ciko ya faɗi.

A kurkure baki da ruwan ɗumi, a bar ramin da ɗan damshi, domin danshi ne ke sa shi ƙanƙame. A ɗebi kamar ƙwayar shinkafa, a mulmula, a danna ciki, a cije a hankali, a goge rarar. Ciko mai tudu shi ke jawo ciwo in an haɗa haƙora. Kada a tauna a wajen na awa 2 zuwa 3.

Inda ya gaza shi ne haƙorin da ya tsage. Alamarsa zafi mai kaifi lokacin da aka saki cizo, ko tsami da ruwan sanyi, alhali ido bai ga komai ba. Kwaɓin ba ya riƙe tsagar, tauna kuma na ƙara buɗa ta. In ta kai jijiya sai likita ya cire jijiyar ya ɗora wa haƙorin hula, wato murfin da ke rufe shi, in ta wuce ƙasan dasashi yawanci cirewa ake yi.

Da kumburi, mugunya ko zazzaɓi, kada a toshe ramin ko kaɗan, a nemi likita a ranar. Ko babu su, a je cikin kwana 2, tare da ɓallen haƙorin, in akwai, a cikin madara.