Fulogin NGK BR7EF a injin mai naitiros: yadda na same shi

Motata Chevrolet Camaro ce mai injin LS1, lita 5.7, silinda takwas, kuma na ɗaura mata tukunyar naitiros, wato iskar gas da ake fesa wa inji don ƙarin ƙarfi, da ke ƙara ƙarfin doki 150. Fulogin da nake tafiya da shi yanzu NGK BR7EF ne, mai cikin jan ƙarfe, wanda kuɗinsa bai kai na fulogi mai bakin ƙarfen iridiyom ko kusa ba. A gaskiya ya biya ni.

Matsalar naitiros zafi ce. Kashi 36 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, da ya shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Celsius sai ya saki oksijin ɗin, fetur ya ci da ƙarfi. Idan bakin fulogi ya riƙe zafi har ya yi ja, shi da kansa zai kunna man tun kafin tartsatsi ya tashi, kuma nan take fistin ke hujewa. Shi ya sa ake neman fulogi mai sanyi, wato mai saurin miƙa zafinsa ga kan inji. A lissafin NGK, yawan lamba yawan sanyi: 7 ta fi 6, 6 ta fi 5. A wurin kamfanin fulogi na Champion kuwa abin a juye yake, don haka kada mai shago ya ce maka ai lamba lamba ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne bakinsa a lafe yake, bai leƙo cikin wuta ba kamar na TR6, wani fulogin NGK mai lamba 6. Masu ƙarin doki 75 zuwa 100 da yawa TR6 ɗin suke sawa, suna kuma zaune lafiya, amma a 150 ni dai hankalina bai kwanta da dogon baki ba. Tazarar bakin na matse ta zuwa milimita 0.8, alhali injin ya zo da 1.5 daga kamfani, saboda matsin silinda kan kashe tartsatsi idan tazara ta yi faɗi. Taimin kuma, wato lokacin da fulogi ke sakin tartsatsi, na ja shi baya da digiri 6, bisa ƙa'idar nan ta digiri 2 kan kowane doki 50. Fulogi kaɗai ba ya ceton inji idan taimin ya wuce gona da iri.

Bayan gudu a filin gwaji nakan kashe injin nan take in kwance fulogan in duba. Tangaran ɗinsu fes, babu ɗige-ɗigen nan masu kama da barkono da ke nuna inji na ƙwanƙwasa, kuma inda launi ya sauya a ƙugiyar bakin yana daidai wurin lanƙwasa.

Inda za ka yi haƙuri shi ne cikin gari. Duk fulogi mai sanyi haka halinsa yake: a cunkoso ba ya yin zafin da zai ƙone dattinsa, sai ya yi baƙi, inji ya ɗan riƙa rawa da safe. Ba ya kuma daɗewa kamar iridiyom, dole ka riƙa canzawa a kai a kai. Wanda ba kullum yake buɗe tukunya ba, gara ya ajiye saiti biyu, na gari da na fili. Jabun NGK kuma sun yi yawa a kasuwa, sai a saya wurin dilan da aka yarda da shi.